Bart Starr Ya Kwanta Dama: Musayar Baitocin Ta'aziyya

Baba Na-Madison:

Jama'a, salamu alaikum. Jiya Lahadi, 26 ga Mayu 2019, Bart Starr ya rasu a Birmingham ta jihar Alabama yana da shekara 85. Ga waɗanda ba sa bin ƙwallon Amurka, shi ne kwatabak ɗin Green Bay Packers daga 1956 zuwa 1971, wato jagoran hari, wanda ƙwallo ke fara shiga hannunsa, ya jefa ko ya miƙa. Na buɗe, mai baiti ya ɗora.

Labari ya iso mini, jikina ya yi sanyi,
An ce Starr ya yi sallama da gidan duniya.

Haifaffen Montgomery ne, a 1934,
Ɗan soja ne, a hannun uba ya sha tarbiyya.

Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa a 1956,
Sai da aka kira mutum 199 kafin a waiwaya.

Shi ne na 200, can a zagaye na 17,
Ba wanda ya ce yaron nan zai ja ragamar ƙungiya.

Koci Vince Lombardi ya zo a 1959, ya dube shi da kyau,
Damtse ba na a zo a gani ba, sai kwanya da juriya.

Kofi 5 cikin shekara 7 suka kai Green Bay,
Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, na 1 da na 2, shi ne gwarzonsu gaba ɗaya.

Ɗan Auta:

Baba, ina taya ka jimami, amma a ba ni izini,
Ni ɗan yau ne, kwatabak Tom Brady na buɗe ido na gani,
Zoben cin Super Bowl 6 a yatsunsa a 2019, kuma lokacin bai ajiye ba, ka sani,
Shi ma na 199 aka ɗauke shi, cikin raini.

Da Starr ya koma koci, ina aka ga wani sauyin zamani?
Shekara 9, ci 52, faɗuwa 76, a ɗora a mizani,
A 1983 aka sallame shi, ba ƙage na yi wa wani,
To da me ya fi na yau? Tambaya ce ta mai neman sani.

Malam Mai Tasi:

Auta, ni ɗan Chicago Bears ne, kuma tun 1921 muke gwabzawa da Packers. Ba ni da dalilin yabon nasu in ba gaskiya ba. Gyara zama.

31 ga Disamba 1967, Lambeau, filin Packers, ya zama ƙanƙara,
Digiri 25 ƙasa da sifili, ga iska tana sara,
Na'urar ɗumama ƙasan fili ta gaza, ba halin gyara,
Usur ya manne a leɓen alƙalin wasa, ya koma tsawa da kira.

Dallas na gaba, 17 da 14, minti 4 da daƙiƙa 50 suka yi saura,
Yadi 68 ne a gabansu, Starr ya tara yaransa ya tsara,
Sau 8 aka kayar da shi ranar, ya ƙi ya daddara,
Gajeren jifa kan gajeren jifa, taku kan taku yana ƙara.

Saura yadi 1, mai gudu na zamewa, sau 2 ba nasara,
Daƙiƙa 16, ya tsayar da agogo, ya je wa Lombardi da shawara,
Ya ce ƙafar masu gudu ba ta kama ƙasa, shi zai kutsa, ga dabara,
Koci ya ce a yi ta a bar wurin nan, sanyin ba ya jira.

Kramer da Bowman na Packers suka afka wa Pugh na Dallas da tura,
Starr ya faɗa da ƙwallo a ƙirji, 21 da 17, gari ya ɗau ƙara.
Da ya zame, agogo zai cinye, laifin a kansa za a tara,
Ya san haka kuma ya ɗauka. Auta, ka ji aikin jagora.

Goggo Ta-Milwaukee:

Auta ɗana, lissafinka daidai ne, ba mai musawa,
Kocin bai karɓe shi ba, Packers sun sha faɗuwa.
Ni abin da na riƙe ba ya cikin abin ƙirgawa.
A 1965 shi da matarsa Cherry suka sa hannu a kafawa
Gidan Rawhide, na samarin da hanya ta ɓace wa.
Motar Corvette ɗin da ya ci a Super Bowl na 2, can ya kai ta don tallafawa.
Sai 1988, ɗansa Bret, shekara 24, hodar iblis ta yi sanadin rasuwa,
Shi uban ne ya je Tampa, ya buɗe gida ya tarar da gawa.
Wallahi duk uwar da ta goya ɗa ta san me nake nunawa.
Bai janye hannu daga 'ya'yan wasu ba, har tsufa da gazawa.
Allah Ya ba Cherry haƙuri, shekara 65 ke nan ana zaman amana da shaƙuwa.

Baba Na-Madison:

Goggo, kin taɓo inda ke mini ciwo, na gode,
Malam, baitinka ya kai, kai da ke gidan adawa da hamayya.

Auta, Brady gwani ne, ban rage masa komai ba,
Amma ka san kwalkwalinsa na da rediyo, koci na raɗa masa hanya.

A zamanin Starr babu wannan, sai 1994 aka kawo ta,
Shi ke karanta abokan gaba, shi ke yanke shawara shi ɗaya.

Wasan kifa-ɗaya-ƙwala 10 ya buga, ya ci 9,
Eagles kaɗai suka kayar da shi, a 1960, ba a sake ba a tarihin tafiya.

Shanyewar jiki ta same shi a 2014, magana ta yi nauyi,
Duk da haka ya dage da motsa jiki, yana da niyya.

26 ga Nuwamba 2015, daren ajiye lamba 4 ta Brett Favre, tsohon kwatabak ɗin Packers,
Aka shigo da shi Lambeau a ƙaramar mota, ana ruwa ana iska mai wuya.

Ya ɗaga hannu, filin ya miƙe tsaye gaba ɗaya,
Favre ya rungume shi, ni kuwa hawaye ya hana ni kallon talabijin lafiya.

Malam Mai Tasi:

Mu muka ci wasan daren nan, 17 da 13, ban manta ba,
Amma da tsohon ya shigo, ni ma na miƙe, ban zauna ba.

Ɗan Auta:

Baba, Goggo, Malam, na ji, kuma ya shige ni,
Na nemo hoton wasan ƙanƙarar nan, da idona na gani,
Numfashin mutane na tashi fari, Starr mai lamba 15 na ba da umarni,
Brady nawa ne har gobe, amma Starr ya wuce raini.

Baba, ka taɓa cewa Johnny Unitas ne abokin karawarsa a wancan zamani,
Na Baltimore Colts, wanda ya rasu a 2002, haka ka gaya mini,
In ka huta, ka jero mana yadda suka kara, baiti-baiti, ka ba ni,
Ni zan riƙe maka amshi, in Goggo ta yi mini izini.