"So hana ganin laifi": makanta ce ko kau da kai?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Na yi amfani da karin maganar nan a kan mawaƙan da ke siffanta masoyiya kamar wata ɗan daren sha huɗu, babu tabo ko ɗaya. Ƙawata ta ce ba nan ne muhallinta ba. Don Allah a raba mu gardama.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kin kama rabi. Dubi mawaƙin Larabawa Ƙaisu, wanda ake kira Majnunu Laila, a ƙarni na 7 na Miladiyya: an hana shi Laila, aka aurar wa wani. Haka mawaƙi Jamilu da masoyiyarsa Busaina. A Italiya ma mawaƙi Fetirak ya ce a 1327 ya fara ganin Laura, ya tara waƙoƙi 366, mafi yawa a kanta, kuma bai taɓa zama da ita ƙarƙashin rufi ɗaya ba. To ina zai ga laifinta? Ai zo mu zauna, zo mu saɓa. Ni a wurina nisa ne ya rufe musu ido fiye da so.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta Malam, ni daga wani gefe na kalle ta. Ku lura, wa ke faɗin wannan magana? Kullum ɗan kallo ne. Mai son ba ya faɗinta a kan kansa. Shekarata 19 da aure, babu halin maigidana da ban sani ba, har wanda ya sa ni kuka. Ina gani sarai. Abin da so ya hana ni shi ne in riƙa ƙirgawa ina ajiyewa. Shi ya sa waƙar da ta ce masoyi ba shi da aibi ba ta taɓa zuciyata, don ba mutum take yabo ba.

Mai Neman Ƙafiya:
Hajiya, a yi mana adalci. Waƙa ba shaida ba ce gaban alƙali. Idan na ce ita ce hasken idona, yadda nake ji na faɗa, kuma da gaske nake jinsa.

Uwar Biyu:
Na yarda, ƙanena. Amma ka ji bakinka: yadda kake ji. Ita fa, ina take a cikin baitin? Wannan ne ke ba ni tsoro ga yaranmu mata, a so hoton da aka zana, ranar da mai hoton ta yi fushi ko ta yi ciwo a ce ta canza.

Malam Mai Alli:
Kun tuna mini da Ka'abu ɗan Zuhairu. A ƙasidar da ya rera gaban Annabi (SAW), ya buɗe da ambaton masoyiyarsa Su'adu: ya kamanta ta da barewa, ya yabi murmushinta, sannan cikin 'yan baitoci ya ce riƙon alkawarinta kamar riƙon da rariya ke yi wa ruwa ne. Duk da haka zuciyarsa na ɗaure a wurinta. Ya ga laifin, ya ambace shi da bakinsa, son bai ragu ba.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai. Malam, ke nan a kan Ka'abu za a iya cewa "so hana ganin laifi", ko kuwa wata karin maganar ce ta dace da shi? Na so in ce "son maso wani ƙoshin wahala", sai na ga ita ma ba ta zauna daidai ba.