Awon jini ya fito lafiya, ƙullutu kuma yana nan

Mai tambaya, Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan da na ji ƙullutu kamar ƙwayar gujiya a nonon hagu, ba ya ciwo. Na yi awon jini, NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini. Fararen ƙwayoyin jini 6,800, aka ce daidai ne tunda tsakanin 4,000 da 10,000 ake so. Maigida ya ce tunda jini lafiya, in bar zancen zuwa Yamai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wadda ta taɓa shiga wannan hali ta yi min bayani.

Wata yaya, Yamai: Ƙanwata, kada takardar nan ta ruɗe ki. Tawa takardar ma haka ta fito, tsaf. Na zauna wata bakwai ina shafe-shafe, har kaluluwa ta fito min a hammata. Sai da aka yi hoton nono, aka ɗebi tsoka da allura aka kai labo, wato ɗakin awo, sannan aka ce sankara ce. Watannin nan bakwai har yau suna ci min rai.

Ma'aikacin labo, Yamai: Hajiya, jini yakan canza, amma ba lallai jimillar ta nuna ba. Fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, kashi-kashi ne. Akwai nitirofil masu saurin kai ɗauki inda kumburi yake, akwai limfosit masu gane ƙwayar da ta lalace su kashe ta. Ƙari yana iya sakin sinadaran da ke sa ɓargo ya ƙara fitar da nitirofil, ya kuma kashe wa limfosit gwiwa. Shi ya sa masu bincike ke auna yawan nitirofil a kan limfosit. In nitirofil sun rinjaya sosai, sau da yawa ciwon ya fi taurin kai. Amma maruru ko ciwon haƙori ma yana ɗaga su. Ba da NFS ake gano sankarar mama ba, don Allah ki je a duba ƙullutun kansa.

Wata inna, Tawa: 'Yata, ni jinyar ɗiyata na yi a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, a Yamai. Lambobin nan sai an fara shimiyo, wato ruwan maganin sankara, suke zama abin lura. Duk mako uku, kafin a ɗaura mata ruwan, sai an yi awo. Sau biyu aka ɗage mana saboda nitirofil sun yi ƙasa da 1,500. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan ruwan ne suka fi faɗuwa, likita ya ce in zafin jiki ya kai 38 mu taho ko da tsakar dare, kada mu ce masassarar sauro ce. Yanzu alhamdulillahi tana kan keken ɗinkinta.

Mai tambaya: Na karanta wa maigida duka, ya yi shiru, ya fita ya yanko mana tikiti na ranar Lahadi. Yaya, hoton nonon ake fara yi ko sai na ga likita tukuna?