Tabon huhu ne da Baba, amma zuciyarsa ce ke bugu in ya yi tafiya

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka. Babanmu ya yi shekaru yana aikin fasa dutse, bara aka yi masa hoton ƙirji likita ya ce ƙurar ta bar masa tabo a huhu. In yana zaune lafiya lau har raha yake, amma daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya dafa katanga yana haki, in ka ɗora hannu a ƙirjinsa kamar ana kiɗa ganga. An yi masa eko, wato hoton zuciya, aka ce zuciya ƙalau, to in ƙalau take wannan bugun na meye? Mama dai ta hana shi fita kwata-kwata.

Nas Maijidda:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ai eko ɗin a kwance aka yi masa, shi kuma abin sai ya motsa yake fitowa. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini cikin huhu, a mai lafiya da ya fara tafiya jijiyoyin huhu sai su buɗe jinin ya wuce, amma tabo ya lalata wasu ya matse wasu, sai zuciya ta dinga turawa da ƙarfi ga kuma iskar oksijin na raguwa a jini, dole ta ƙara gudu don ta cike giɓi. In abin ya daɗe ɓangaren daman nan gajiya yake yi. Ku roƙi likitansa ya yi masa gwajin tafiyar minti 6 da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin a jini.

Abu Hanan:
Wlh haka Hajiyarmu ta yi bayan tarin TB, a zaune abin yatsan ya nuna 95, ta zagaya tsakar gida sau biyu ya faɗo 86, mu duk mun zata tsufa ne. Ni dai shawarata ya huta kawai, a haɗa masa da zuma.

Nas Maijidda:
Zuma ba laifi ɗan uwa amma ba ta goge tabo, zaman nan kuma shi zai ƙara kashe masa ƙafafu, gobe ko banɗaki sai ya yi haki. Ya dinga tafiya a hankali yana tsayawa, ya sa takunkumi in akwai hazo. In abin yatsan yana sauka ƙasa da 88 a gaya wa likita, wataƙila ya buƙaci oksijin lokacin tafiya. Kumburin ƙafa, jiri, suma ko ciwon ƙirji kuwa asibiti ne ranar, kar a jira.

Ɗan Auta:
Na gode Anti. Kumburin nan da kika ce, satin nan takalminsa ya fara matse shi da yamma, gobe da sassafe zan kai shi insha Allah.