Waɗanda suka ɗauki kwas ɗin al'adun 'yan asalin Kanada, ku zo mu ji

Ummu Nana: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu gurbi a Jami'ar Winnipeg, sai ya tarar tun 2016 ba mai karɓar digirin farko a can sai ya ɗauki kwas kan 'yan asalin ƙasar. Shi akanta ya je karantawa, yana ta mita wai ɓata lokaci ne. Don Allah wanda ya taɓa zama a irin wannan aji ya ba mu labari.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ce ya kwantar da hankalinsa. Ni a lardin Saskatchewan na yi nawa. Wata rana muka tarar an jera kujeru a zagaye, ga wata dattijuwa 'yar ƙabilar Cree a zaune. Malamarmu ta miƙa mata taba ƙulle a ƙyalle, don haka ake roƙon ilimi wajen dattijo a al'adarsu. Sai aka ba da ɗan dutse yana zagayawa, wanda yake hannunsa shi kaɗai ke da bakin magana. Tsohuwar nan tana ƙarama aka ɗauke ta aka kai makarantar kwana ta coci, aka yanke mata gashi, aka hana ta yarenta. Yara wajen 150,000 aka yi wa haka, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe makarantun ƙarshe. Da dutsen ya iso hannuna, wallahi ban iya cewa komai ba, miƙa shi gaba kawai na yi.

Zee Kano: Anti, ki gargaɗe shi kan abu ɗaya. Wani lokaci ana ƙona ganye kafin a fara, kowa ya shafa hayaƙin a jikinsa. Kamar turaren wuta yake a ido, amma ibada ce a wajensu. Ni tun kafin aji na samu malamin na ce addinina bai ba ni dama ba. Ya ce ba dole, in kaskon ya zo in ja baya kawai. Ba wanda ya ko kalle ni.

Ɗan Damagaram: Ni ɓangaren shugabanci ne ya kama ni. Dokar Indian Act ta 1876, wadda ta tsara al'amuran 'yan asalin ƙasar, ta buɗe wa gwamnati ƙofar ɗora musu sarki da majalisa na zaɓe, alhali suna da nasu tsarin. A wajen Haudenosaunee, ƙawancen ƙabilu shida na 'yan asalin ƙasar, iyaye mata na dangi ne ke naɗa sarki, su ne kuma ke tuɓe shi in ya kauce. A 1924 gwamnati ta ture majalisarsu ta gargajiya a yankinsu na Six Nations da ke lardin Ontario ta kafa ta zaɓe. Rikicin bai mutu ba. A 2020, kan bututun iskar gas a ƙasar al'ummar Wet'suwet'en da ke yammacin Kanada, majalisun zaɓe da dama sun sa hannu kan yarjejeniyar aikin, sarakunan gado suka ce ba da yawunsu ba, har aka tare hanyoyin jirgin ƙasa. Tambayar jarrabawarmu ke nan: wa ke da ikon magana da sunan jama'a? Na kawo misalin yadda Lugard ya yi mulki ta hannun sarakunanmu. Malama ta rubuta min a gefen takarda cewa in duba bambancin, mu ba a kwashe mu daga garuruwanmu an killace a 'yan filaye ba. Gaskiya ta faɗa.

Injiniya Sale: Ku dai kun yi sa'a. Nawa ta intanet aka yi, ɗalibai rututu, tambayoyin canki-canka, ko dattijo ɗaya ban gani ba. Na ci, na manta. Abin da ya zauna min a kai abokin aikina ne ya gaya min: ruwan famfon Winnipeg daga tafkin Shoal yake zuwa, amma mutanen Shoal Lake 40, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar da ke bakinsa, sun fi shekara 20 ba su da ruwan da za su sha kai tsaye, sai 2021 aka gama musu matatar ruwa.

Bakatsine: Injiniya, shi ya sa zaɓen kwas yake da muhimmanci. Hajiya, ya duba jadawali, ya nemi wanda ake zama ido da ido, ya kuma tambayi 'yan aji biyu ko malamin yana gayyato dattawa. Irin waɗannan da wuri suke cika.

Ummu Nana: Allah ya saka da alheri. Zee, turo min lambarki ta akwatin sirri, maganar hayaƙin nan gara ya ji daga bakinki.