Ina so in fara juyen baƙin mai da kaina a gida

Mai Corolla, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma ina so in fara yi mata juyen baƙin mai da kaina a gida. Ba kuɗin aikin bakanike ne ya dame ni ba, domin bai taka kara ya karya ba. Matsalar ita ce aiki ba ya barina in tsaya a gareji, sai dai in ba da kuɗin mai da filta in wuce, kuma ba ni da hanyar sanin irin man da aka zuba. A kan murfin da ake zuba mai an rubuta lambar kaurin mai 5W-30, amma duk wanda na tambaya sai ya ce a zafin Kaduna 20W-50, wanda ya fi kauri, shi ne kaɗai yake riƙe inji. Ina roƙon wanda ya san aikin ya bayyana mini kayan da zan tanada da yadda ake yi, ya kuma warware mini batun man nan.

Tsohon Direba, Kawo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Aikin ba shi da wuya, natsuwa kawai yake so. Ka tanadi sifana mai lamba 14, domin ita ce ta dace da notin tsiyayar da mai da ke ƙasan injin motarka, da abin kwance filta, da mazurari, da faffaɗan bahon da zai ɗauki fiye da lita 5, da tsummoki, da sabon filta, da kuma sabuwar washar da ake sa wa notin. Motar tana cin mai kimanin lita 4 idan aka haɗa da filta.

Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka tayar da ita na minti 5 domin man ya yi ɗumi ya saki jiki, amma kada ka yi aikin bayan ka dawo daga Zariya ko Abuja, saboda a lokacin man zai iya sale maka hannu. Ka kashe injin, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. Idan ka sassauta notin da sifana, ka ƙarasa kwance shi da yatsu kana danna shi ciki har zaren ƙarshe, sannan ka janye hannu da sauri, in ba haka ba man zai bi hannunka har gwiwar hannu, notin kuma ya faɗa cikin baho. Ka dubi launin abin da ke zuba. Idan ka ga ja ne ko jaja-jaja, to man giya ka buɗe, maza ka mayar da notin.

Wurin filta ne ya fi bukatar lura. Idan ka cire tsohon, ka tabbatar da cewa baƙar robar da ke bakinsa ta fito tare da shi, domin takan manne a jikin inji, kuma idan ka ɗora sabon filta a kanta, roba biyu ba za su riƙe ba, man zai tsiyaye kana kan hanya. Ka shafa ɗan sabon mai a robar sabon filtan, ka ɗaure shi da hannu kawai. Idan robar ta taɓa jikin inji, ka ƙara masa kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya ka bar shi haka. Ka mayar da notin da sabuwar washar, sannan bayan ka zuba mai ka tayar da motar, fitilar mai za ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan. Ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka kashe, ka jira minti 5, sannan ka zaro gejin mai ka goge ka sake gwadawa. Kada man ya haura alamar sama. Game da irin mai kuwa, ni dai 20W-50 na saba zubawa tun ina tuƙa Peugeot 504, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Bakanike, Kurmin Mashi:

Baba ya bayyana aikin yadda ya kamata, Allah ya ƙara girma, amma a kan batun mai ina neman afuwa zan saɓa masa. Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri suna da tsohon tsarin inji wanda mai kauri yake yi wa daidai, kuma a ganina daga nan ne garin nan ya gaji wannan al'ada. Injin Corolla ta 2006 yana da tsarin VVT-i mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, wanda yake aiki da matsin mai ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi, saboda haka mai kauri yana jinkirin isa inda ake bukatarsa, musamman da asubar hunturu. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda mai ke gudana a sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Inji mai lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90, ko a Kaduna yake ko a Amurka, wato zafin watan Afrilu da muke kuka da shi ba komai ba ne a wurinsa. Ka bi abin da ke rubuce a murfi, Malam, sai fa idan injin ya tsufa yana shan mai yana hayaƙi, a nan ne ake duba yiwuwar ɗan ƙara kauri.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shiga ƙarƙashin mota. Jak ɗin da ke cikin but na canza taya ne kawai, ba a yi shi don mutum ya kwanta ƙarƙashin motar da ya ɗaga ba, kuma bulon siminti da wasu ke tokarawa yana rugujewa ba tare da ya yi wata alama ba. Ka sayi ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake ɗora mota a kansu, ka girgiza motar da kyau kafin ka shiga. Idan ba ka da su, ka sayo manka da filtanka ka kawo gareji ranar Asabar a yi a gabanka, babu bakaniken kirki da zai ji haushin haka. Sannan kada ka matse notin da dukkan ƙarfinka, domin motoci da yawa suna zuwa mana da zaren noti a cinye, aikin da ya fi juyen tsada nesa ba kusa ba.

Yin juye a gida kuma ba zai kare ka daga jabun mai ba idan ka saya a inda ba ka sani ba, tunda akwai masu tattara tsofaffin galan su cika su da wani abu daban su liƙe. Ka saya a gidan mai na kamfanin ko wurin dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi, ka duba alamar API mai nuna matakin ingancin mai a jikin galan, SL ko SM ko SN ko SP, kuma idan farashin ya yi araha fiye da kima ka ajiye shi.

Malama, Barnawa:

Ina da ƙari kan abubuwa biyu. Motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka wanda aka ce ya dawo bayan kilomita 5,000 amma ya jira allon motar ya ƙara 5,000, ya yi tafiyar kilomita 8,000 ke nan. Da ƙurar hunturu da cunkoson Kasuwar Barci da gajerun tafiye-tafiyen kai yara makaranta, ya fi dacewa ka rubuta lambar da allon ya nuna da ranar juye a takarda ka ajiye a mota, kuma ko ba ka cika tafiyar ba kada man ya wuce wata 6.

Na biyu shi ne tsohon man. Don Allah kada ka zuba shi a kwata ko a ƙasa, domin na kwata ruwan sama zai kai shi Kogin Kaduna, na ƙasa kuma zai iya gurɓata rijiyar da ke kusa. Ka juye shi cikin galan ɗin da ka gama da shi, ka rufe da kyau, ka ɗaga shi inda yara ba za su kai ba, ka kai wa masu gareji. Ka kuma sa safar hannu, saboda yawan taɓa tsohon mai yana cutar da fata.

Mai Corolla, Unguwar Rimi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bi 5W-30, kuma ba zan fara ba sai na samu ƙafafun ƙarfen. Tambaya ɗaya ta rage: tunda an daɗe ana zuba mata 20W-50, shin sai na wanke injin da wani sinadari kafin in sauya?

Bakanike, Kurmin Mashi:

Babu bukata, Malam, kuma kada ka yarda wani ya zuba mata kananzir ko gas da sunan wanki. Ka bar tsohon man ya tsiyaye sosai, ka sa sabon filta, sannan ka riƙa duba geji kowane mako a watan farko domin ka ga ko injin yana shan mai.