Injin samfefa yana ƙona min katako, ƙura kuma ta dame ni

Sabon Kafinta: Assalamu alaikum iyayen gida. Ina goge ƙofar maɗaci da na sayo katakonta a Kasuwar Katako, Jos. Injin yana barin baƙin tabo, tari kuma ya hana ni sakat. Ina matsalar?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Danna injin kake yi, ko samfefar ta cushe. Nauyinsa ya isa, kai dai ka riƙa tafiyar da shi, kada ya tsaya wuri guda. Fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, sai masu laushi, 120, sai 180, kana bin tsawon katakon. Ka ɗaure katakon da kilam, wato ƙarfen da ke matse shi a benci, ka cire duk wata ƙusa tukuna: tartsatsinta na iya kunna ƙurar da ke cikin jakar injin. Juye jakar kullum kafin ka tashi.

Mai Fenti: Ɗan'uwa, hankici ba ya tare ƙura mai laushi. Nemi takunkumin N95 da tabarau mai rufe gefe. Sanyin Jos kan sa mutane rufe shago ruf, to buɗe taga. Tsohon fenti kuwa kada ka goge shi a bushe, wani akwai dalma a ciki.

Injiniyan Wuta: Malam, zare filogi kafin canza samfefa. In an ɗauke wuta, kashe makunnin nan take, don idan aka dawo da ita injin mai bel, wato mai samfefar da ke zagayawa kamar ɗamara, zai zabura daga kan benci. Ka duba kibiyar da ke cikin bel ɗin kafin ka ɗora, ita ke nuna inda zai juya. Babbar riga kuma a rataye ta, hannunta injin yake fara cafkewa.