Mage da Birin Dare na Peru

Uwar Mage ta buɗe:

Da sunan Allah na fara, Mai dare Mai rana,
Na ga hoton ɗan biri, na ce ga magen gidana,
Ido dara-dara, da hantsi yake kwana,
Malam, wane ne wannan? Faɗa mini suna.

Malam Ɗan Kurmi ya amsa:

Hajiya, birin dare ne, ba ya dangi da kyanwa,
Arewacin Peru yake, kan tsaunukan Andis masu wuyar hawa,
Yankunan Amazonas da San Martin, kurmin da hazo ke rufewa,
Aotus miconax, haka masana ke rubutawa,
A 1927 aka raɗa masa sunan, tun da daɗewa.
Nauyinsa kamar kilo guda, magenki ta fi shi cikowa,
Kukansa irin na mujiya, a farin wata ya fi zagawa.

Uwar Mage ta mayar:

To Malam, ai tawa ma dare ne kasuwarta,
Ɓera bai isa rumbu ba, in ya hango idonta,
Wata biyu da 'yan kwanaki, ta sauke cikinta,
Huɗu ko biyar a kwando, suna tsotson mamanta.

Malam Ɗan Kurmi ya ƙara:

Nan ne ciwon yake, Hajiya, ki tsaya ki ji ni,
Shi ɗa guda a shekara, shi ke nan rabon bana,
Mace ɗaya, miji ɗaya, sun riƙe amana,
Uban ke goyon jariri, uwa sai shayarwa,
Biri ya yi kama da mutum, muzuru fa sai wucewa.
Kogon itace ne ɗakinsa, 'ya'yan itace cimarsa,
An sare don gonar kofi, shanu sun ci filinsa,
Mage ta rasa gida, maƙwabta za su ɗauke ta,
Shi in bishiya ta faɗi, ina zai kai iyalinsa?

Ƙanwar Maharba ta shigo:

Baba Malam, ka sa ni hawaye da daren nan,
IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin masu shirin ƙarewa, na ji wannan.

Uwar Mage ta rufe:

Ga tawa a cinyata, tana gurnani a natse,
Shi yana can kan reshe, ƙarar zarto ta matso.
Ya Allah tsare kurmin, Ka kama hannun mai sara,
Ɗan da ke bayan uba ya kai ga wata shekara.